Tsohuwar Porsche 944 Tana Shaƙewa Idan Aka Taka Totur: Daga Ina Za a Fara?

Tambaya: Ina da Porsche 944 ƙirar 1986, ta kasuwar Turai, wadda kawuna ya bar mini bayan ta shekara huɗu a ajiye a Kaduna. Mukulli ɗaya take tashi, amma silonta yana hawa yana sauka. Idan na taka totur daga ƙasa sai ta shaƙe kamar za ta mutu, wani lokacin ta yi tari ta wajen eyakilina, sannan ta ɗauka. A kan titi kuma, idan allura tana tsakanin 2,000 da 2,500, sai ta riƙa fizga. An canza fulogi da filtar mai, ba ta sauya ba. Wani bakanike ya ce a sayo birenbos, wato kwamfutar injin, wani kuma ya ce a cire injekta a ɗora kafireta. Wace shawara zan bi?

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Riƙe kuɗinka. Na daɗe ina aiki a kan injinan da ke ɗauke da tsarin Bosch na shekarun 1980, kuma abin da ka kwatanta ya fi kama da injin da mai ke yi wa kaɗan a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Birenbos ɗin da ya lalace ba kasafai yake tayar da mota da mukulli ɗaya ya kuma zagaya gari da ita ba.

Maganar kafireta ita ce ta fi tayar mini da hankali. A wannan motar, kwamfutar da Bosch ta sa wa suna Motronic, Porsche kuma ke kira DME, ita ce ke auna mai, ita ce kuma ke yanke lokacin da wuta za ta tashi a kowane fulogi. Distributan da kake gani a gaban injin raba wuta kawai yake yi. Babu komai a cikinsa da ke gaggauta ta ko jinkirta ta, shi ya sa ba a murɗa shi don saita tayimin kamar yadda aka saba yi wa Fijo 504. Duk wanda ya tsige wannan tsari, sai ya ƙirƙiro wa injin wata hanyar wuta daga tushe, sannan ya yanka manifol, bututun da ke raba iska zuwa silinda, ya yi walda don kafireta ta sami wurin zama. A ƙarshe motar za ta yi tafiya, amma da shan mai, da ƙarancin ƙarfi, kuma darajarta ta tafi ke nan. Roba ta 'yan kuɗi kaɗan ce wataƙila ta tsage, ba za a rushe gida saboda ita ba.

Kafin mu shiga binciken, akwai abu biyu da ba sa cikin tambayarka amma ba zan iya wuce su ba. Na farko tayimin bel. Injin 944 irin wanda fistin da bawul ke amfani da wuri ɗaya ne a lokuta daban-daban, don haka ranar da bel ya tsinke, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Masu harkar wannan mota suna canza shi bayan kimanin kilomita 50,000 ko shekara huɗu, duk wanda ya riga zuwa, domin roba tana tsufa ko mota ba ta motsa ba. Taka ta cika shekara huɗu a tsaye, ban da shekarun da bel ɗin ya yi kafin a ajiye ta. A canza shi tare da ɗan'uwansa mai juya sandunan daidaita girgiza, a kuma tabbatar alamomin tayimin sun hau daidai, domin haƙori ɗaya idan ya goce, mota za ta yi nauyin ƙafa ko da komai nata lafiya lau. Na biyu, tiyoyin fetur da ke shigowa injin. A ƙirar shekarar taka, ta saman manifol ɗin salansa suke wucewa. Idan sun bushe sun tsattsage, ɗigon mai a kan ƙarfe mai zafi yake sauka. Motoci da yawa irin wannan gobara ce ta cinye su ta nan. Don Allah a duba su kafin a sake tayar da ita.

To, me ke faruwa a cikin daƙiƙar da ka taka totur? Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 bisa nauyi. Ƙafarka iska take buɗe wa hanya, ba ta taɓa mai. Iskar tana afkawa nan take, man kuwa sai an lissafa shi an fesa, kuma wani ɓangarensa yana mannewa a bangon hanyar shiga silinda saboda matsin iska ya tashi a cikin manifol. Ke nan kowane injin fetur yana da wannan ɗan lokaci na yunwar mai idan aka buɗe totur da sauri. Kafireta tana maganinsa da wani ɗan famfo da ke tsarto mai a maƙogwaro. A 944 kuwa, aikin yana wuyan eyafulo mita, wato akwatin ƙarfen nan da ke manne da gidan eyakilina. A cikinsa akwai ƙofa mai sifirin wadda iska ke turawa. Ƙofar tana jan wani ɗan hannu da ke goga a kan zanen gawayi, daga nan kwamfuta ke karanta yawan iskar da ta shiga. Idan ka taka da ƙarfi, ƙofar tana wuce inda ya kamata ta tsaya na ɗan lokaci, wannan wucewar kuma tana sa a ƙara mai. Saboda haka duk iskar da ta shiga injin ba ta bi ta wannan ƙofa ba, kwamfuta ba ta san da ita ba, kuma ba za ta ba ta mai ba.

Tarin da ka ce tana yi ta gaba shi ne babbar shaidata. Haɗin da mai ya yi wa kaɗan a hankali yake ƙonewa, har bawul ɗin shigar iska ya sake buɗewa wuta ba ta gama mutuwa ba, sai ta kama abin da ke cikin manifol ya buga baya. Da mai ne ya yi yawa, da ka ba ni labarin baƙin hayaƙi, da warin fetur, da ƙarar fashewa a salansa. Kuma ka rage sa ta yin tarin nan da gangan, domin bugun yana iya lanƙwasa ƙofar eyafulo. Tunda fulogin sababbi ne, sun zama masu ba da shaida: ka yi tafiyar minti ashirin, ka bar ta ta huce, a ciro su a jera bisa tsari. Idan duka huɗun sun yi fari fat, yunwar ta gama gari ce, iska ko matsin mai. Idan ɗaya ne kawai ya bambanta, matsalar tana wajen nozul mai fesa mai ko gaskit ko wayar wannan silinda. Idan duk sun yi baƙi ƙirin da toka, to hasashena bai yi daidai ba, sai mu koma kan sensar zafi da zan yi bayani a gaba.

Ni da motar tana gabana, da satar iska zan fara nema, kuma a nan zan fi daɗewa. Tsakanin eyafulo da maƙogwaron totur akwai wata katuwar roba mai lanƙwasa kamar harafin J. Kada a duba ta tana ɗaure. A kwance ta gaba ɗaya, a fita da ita rana, a lanƙwasa kowane ninki, musamman na ƙasa da wuraren da ƙananan tiyo ke shiga. Tsagar tana iya rufe bakinta idan injin yana silo, amma da zarar ka taka totur injin ya murɗa a kan mazauninsa, sai ta buɗe ta sha iska, mota ta shaƙe, injin ya koma daidai, tsagar ta rufe, mota ta ɗauka. Ka ga wannan ya yi daidai da labarinka. Idan mazaunin injin na ɓangaren salansa ya zauna saboda zafi, abin da ya zama ruwan dare a 944, murɗawar tana ƙaruwa. Na taɓa sa wani mai mota ya sayi famfon mai da ba ya bukata, na kwana biyu ina bin abin da ba shi ba, ashe tsaga ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba a ƙasan wannan roba. Kuɗinsa da na sa ya kashe ya daɗe yana damuna, tun daga ranar ban sake yarda da duban ido daga sama ba.

Bayan ita akwai ƙananan tiyoyin zuƙa da suka bazu a kan injin, da manyan da ke ƙarƙashin manifol suna zuwa bawul ɗin daidaita silo, da wanda ke zuwa tukunyar birki, da robobin da ke bakin kowane nozul, da gaskit ɗin manifol. Har murfin baƙin mai da robar sandar auna shi suna cikin lissafi, domin cikin injin a haɗe yake da hanyar iska. Ga gwaji mai sauƙi: tana silo, ka buɗe murfin baƙin mai. Injin da ke a rufe ruf zai sauya murya nan take. Idan bai ko kula ba, akwai alamar ya riga ya saba shan iska ta wani wurin. Hanya mafi inganci ita ce hayaƙi. A toshe bakin robar ta wajen eyafulo, a hura hayaƙi a hankali ta ɗaya daga cikin tiyoyin, injin a kashe, a zuba ido a ga inda zai ɓullo. Na san ana fesa fetur a jikin injin yana aiki don a ji ko silo zai tashi. Ban yarda da wannan ba, musamman a motar da wayoyin fuloginta suka tsufa suna iya tartsatsi.

Idan akwai gejin zuƙa, mai auna ƙarfin da injin ke zuƙar iska da shi, a haɗa shi da manifol. Injin lafiyayye a gaɓar teku yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye cak. Ana rage kusan inci ɗaya a kowane mita 300 na tudu, Kaduna kuwa tana kusan mita 600 sama da teku, don haka kada ka firgita idan ka ga 16 ko 17. Abin damuwa shi ne ta sauka ƙasa da haka sosai, ko ta riƙa yawo.

Sai mai. Canza filta abu ne mai kyau, amma bai tabbatar da komai ba. Fetur ɗin da ya shekara huɗu a tanki ya zama danƙo, kuma wannan danƙon yana zama a rariyar da ke bakin tanki, da cikin famfo, da ƙananan ramukan nozul. Idan ba a zubar da tsohon man an wanke tanki ba, sabuwar filtar ma ta fara toshewa. Geji ne zai raba gardama. A ƙarshen bututun da nozul huɗu ke rataye a jikinsa akwai wani noti mai rufi, nan ake ɗaura gejin. A yi hankali wurin kwance shi, akwai ɗan ƙaramin ƙwallon ƙarfe a ciki, idan ya faɗi ya ɓace wurin ba zai daina yoyo ba. Famfo yana aiki injin a kashe, ana son bar 2.5. A silo yana sauka zuwa wajen bar 2, domin zuƙar manifol tana jan regileta, mai daidaita matsin mai. Abin da za ka zuba wa ido shi ne lokacin da aka fizgi totur: allura ta yi tsalle sama zuwa wajen 2.5. Idan ta nutse ƙasa a daidai lokacin da motar ta shaƙe, an kama ɓarawo, mai ba ya isowa, sai a bi rariya da famfo da wutar da ke zuwa famfon. A kuma auna yawan man, domin famfo yana iya ba da matsi ya kasa ba da yawa. Ana son aƙalla mililita 850 cikin daƙiƙa 30. Sannan a zare ɗan tiyon zuƙa da ke kan regileta, da na abokinsa mai kwantar da bugun mai, a shinshina. Idan akwai fetur a ciki, fatar da ke ciki ta yage.

Nozul ɗin kansu, a motar da ta yi irin wannan zama, ni ba na ma tsayawa gardama. A ciro su, a kai inda ake wanke su da injin girgiza, a sa su fesa a kwalabe huɗu a gani ko yawan ya zo ɗaya kuma feshin ya bazu kamar raɓa. A mayar da su da sababbin robobi.

Yanzu fizgar da take yi tsakanin 2,000 da 2,500. Ina zargin wannan ciwo ne daban da na shaƙewar, kuma abin da ke rikita masu gyara ke nan, suna neman dalili ɗaya ga cuta biyu. Abu na farko, ka kalli allurar juyin injin a daidai lokacin fizgar. Idan ta faɗi warwas kamar an kashe mukulli sannan ta dawo, wuta ce ke yankewa daga kwamfuta ko daga sensar da ke gaya mata injin yana juyawa. Idan allurar tana nan daram motar ce kawai ke tuntuɓe, to haɗin mai da iska ne, ko wutar fulogi.

A hali na biyu, eyafulo nake tuhuma. Ka tuna ɗan hannun nan da ke goga a kan zanen gawayi. Shekara da shekaru mota tana yawancin tafiyarta a kan gudu ɗaya, hannun yana kai da komo a wuri ɗaya, har ya ci gawayin ya yi rami. Duk lokacin da ya zo kan ramin, saƙon yana yankewa, kwamfuta ta ɗauka iska ta ragu, ta janye mai. Shi ya sa fizgar take da wurin zamanta, idan ka wuce wurin sai ta daina. A cire eyakilina, a tura ƙofar da yatsa tun daga rufe har buɗe. Ta tafi sumul, ta dawo sumul, babu kartawa babu maƙalewa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da tururin baƙin mai tana yin kauri a nan, sai a goge da tsumma mai tsabta. Sannan a kunna mukulli ba tare da tayar da injin ba, a sa mita a wayar saƙo, a sake tura ƙofar a hankali. Wutar ta hau daga ƙasa da bolt 1 zuwa wajen bolt 4.5 ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba. Tsohuwar mita mai allura ta fi mai lambobi kama wannan, domin ido yana ganin rawar allura, lambobi kuwa suna ɓoye ta. Idan an sami ramin, ana yanka mannin baƙin murfin da ke sama, a ɗan gusar da hannun ya hau sabon layi a kan gawayin inda bai ci ba, a sake rufewa da manni. Gyara ne da ke daɗewa idan hannu mai natsuwa ya yi shi.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya da babbar murya. A ƙarƙashin wannan murfi akwai wani faifai mai haƙora da ke riƙe da sifirin ƙofar. Kada kowa ya taɓa shi. Na san dabarar: a sassauta shi haƙori uku ko huɗu, mai ya ƙaru, shaƙewar ta ragu, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Abin da aka yi shi ne an rufe satar iska da ƙarin mai a kowane gudu. Motar za ta koma shan mai, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke bangon silinda, kuma saitin da aka yi a masana'anta ya tafi, ba ya dawowa sai da na'urar auna hayaƙi. Ka duba gefen murfin tun yanzu. Idan ka ga alamar an taɓa buɗe shi an liƙe, ka gaya wa duk wanda zai yi aikin, domin lissafin ya canza.

Abokin tuhumar eyafulo shi ne makunnin da ke jikin maƙogwaron totur. A wannan ƙirar ba ya auna yawan buɗewa, abu biyu kawai yake faɗa wa kwamfuta: an saki totur gaba ɗaya, ko an take shi har ƙasa. Injin a kashe, ka motsa totur da hannu kaɗan, za ka ji ɗan ƙas. Da mita, a soket ɗin makunnin, ƙafa ta 2 da ta 18 su haɗu idan totur yana rufe, su rabu da zarar ya motsa. Ta 3 da ta 18 su haɗu idan ya kusa buɗewa duka. Idan na farkon ya maƙale a haɗe, kwamfuta za ta ɗauka ka saki totur kana gangara, ta yanke mai idan juyi ya hau, ta dawo da shi idan ya sauka, mota ta yi ta fizga kamar doki mai gardama. A 944 makunnin a ƙasan maƙogwaro yake, baƙin mai yana tsiyaya ya taru a cikinsa. Sau da yawa wankewa da saiti sun isa. Ka duba wayar totur ma ko ta saki. Sannan ka sani, faifan da wayar ke naɗuwa a kansa an yi shi ne yadda farkon takawa ke buɗe iska kaɗan-kaɗan, don haka ɗan sanyin ƙafa a farko halin motar ne tun daga masana'anta. Shaƙewa da tari kuwa ba halinta ba ne.

Sensar zafi tana da sauƙin gwaji. Guda biyu ne, ɗaya na allurar da kake gani a gabanka, ɗaya na kwamfuta, mai waya biyu. Allura tana iya nuna daidai alhali kwamfuta ƙarya ake gaya mata. Na kwamfutar yana ba da om wajen 2,500 a zafin digiri 20, wajen 1,700 a digiri 30, ya sauka wajen 300 idan injin ya kai digiri 80. Tsatsa a bakin soket tana ƙara adadin, kwamfuta ta ɗauka injin bai yi zafi ba, ta yi ta zuba mai. Haka kuma idan an cire tamostat, al'adar da ta yi yawa a garejojinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi. A tabbatar yana nan.

Ɓangaren wuta ban sa shi a gaba ba, amma sabon fulogi bai wanke shi ba. Lokacin da ka buɗe totur matsin cikin silinda yana ƙaruwa, wuta kuma tana bukatar ƙarin ƙarfi kafin ta tsallaka bakin fulogi. Idan waya ko murfin distributa ya tsage, a nan za ta sami hanya mai sauƙi ta gudu. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 ce. A buɗe murfin a duba zanen baƙi ko tsaga, a girgiza rota a ji, domin ɗan sukuru ne ke riƙe da shi kuma yana kwancewa. Da dare a wuri mai duhu, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyin injin yana aiki. Tartsatsi ba ya ɓuya.

Idan kuwa allurar juyi tana faɗuwa tare da fizgar, wurare uku za a je. Akwai rile na DME, wani ɗan makunnin lantarki a akwatin fis, wanda ke ba kwamfuta da famfon mai wuta. Dalmar da ke cikinsa tana tsagewa da tsufa, kuma duk mai 944 da ya san motarsa yana ajiye na biyu a aljihun gaba. Ana gwada shi ta hanyar cire shi a haɗa ramuka 30 da 87 da 87b da waya, a ga ko ciwon ya tafi, amma a cire wayar da an gama, domin famfo ba zai daina aiki ba. Akwai sensa biyu a bayan injin da ke karanta fulawil, babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da injin, kowace tana ba da om 600 zuwa 1,600, mai ƙirga haƙora kuma tazararta da fulawil milimita 0.8 ce. Soket ɗinsu yana bushewa ya farfashe. Sai wayoyin komawar wuta da ke ɗaure a bayan injin da na batir, a kwance su a kankare har su yi ƙyalli. Motar da ta daɗe a ajiye, a bi wayoyinta da ido saboda ɓeraye.

Salansa ma ana dubawa. A riƙe injin a 2,500 ana kallon gejin zuƙa, idan allura tana zamewa ƙasa a hankali, hayaƙi ba ya samun mafita. Motocin da aka kai Amurka suna da matatar hayaƙin nan da 'yan gareji ke kira indomi, taka ta Turai mai yiwuwa ba ta da ita, sai a leƙa ƙasa a gani. A auna matsin silinda huɗun, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Kuma kada a taɓa tuƙa ta babu eyakilina ko na gwaji ne, domin bangon silindarta na alminiyam ne da aka haɗa da silikon, idan ƙura ta karce shi ba a gyara shi yadda ake yi wa na baƙin ƙarfe.

Wata magana da ta shafi inda kake: ƙirar Turai tana matse haɗi 10.6 a kan 1, an yi ta ne don fetur mai babban oktan, wato mai jure matsi ba ya kamawa kafin lokaci, kuma ba ta da sensar da ke jin ƙwanƙwasar injin ta ja wuta baya. Idan kana hawa tudu a babbar giya ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ka sauke giya, kada ka danne ta. A jikin kwamfutar akwai ɗan makunni mai matsayi takwas da aka tanada don irin wannan, yana iya jan wuta baya kaɗan ko ya ƙara mai ko ya rage. A duba inda yake, a rubuta, domin wani yana iya murɗa shi a baya ba tare da sanin aikinsa ba.

Birenbos shi ne na ƙarshe. Yana ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar fasinja, kuma babban abin da ke kashe shi ruwa ne, idan mazaunin batir da ke samansa ya yi tsatsa ya huje. Ka ɗaga shimfiɗar ka taɓa, ka duba bakin soket ko ya yi kore. Ko an same shi da laifi, yawanci dalma ce ta tsage, mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya sabunta ta. Idan ta kama sai an sayo, a kasuwar Panteka ne ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, lambar da ke jikinsa ta zo ɗaya da ta naka, domin na motocin farko da na bayan tsakiyar 1985 ba sa aiki da eyafulo iri ɗaya. Kuma a ɗora shi a motar a gwada kafin kuɗi su fita daga hannunka.

Inda na fi sa rai shi ne robar J da tiyoyin ƙarƙashin manifol, tare da nozul masu danƙo, su ne ke kawo shaƙewar da rawar silo, fizgar kuma ta fito daga gawayin eyafulo ko makunnin totur. A riƙa gyara abu ɗaya, a fita a gwada, sannan a taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. Idan an canza bel da tiyoyin fetur, ka aiko mini da launin fulogi huɗun bisa tsarinsu, da abin da gejin zuƙa ya nuna a silo, da matsin mai a silo da lokacin da aka fizgi totur, da abin da allurar juyi ke yi idan tana fizga. Da waɗannan zan iya gaya maka noti na gaba da za a kwance. Allah Ya sa a dace.